Yadda Na Ɓatar da Malam Awudu a Tsakar Gidansa

Kejetia ce ta fara sanar da ni cewa ina da kafaɗu. Shekara talatin da ɗaya ina yawo da su a Gumel ban taɓa tunawa da su ba, don a garinmu in ka fito ƙofar gida fili ne har inda idonka ya gaji, kana tafiya kana kaɗa hannu ba ka taɓa kowa ba. A Kejetia kuwa, babbar tashar Kumasi, daga saukowata mota ban yi taku goma ba aka bangaje ni ta dama, aka ture ni ta hagu, wata mai ɗauke da ƙatuwar tasa a ka ta riƙa daka mini tsawa, "Agoo! Agoo!" Na tsaya ina kallonta baki sake. Ashe hanya take nema. Da ta gaji da ni sai ta sa gwiwar hannu ta kawar da ni gefe ta wuce.

Sunana Sabi'u, sana'ata aikin tayil. Na zo da buhu a ka, cokalin gini da guduma da filam na auna miƙewar bango da igiya a ciki, sai injin yankan tayil a hannu, wanda shi ne kaɗai abin da zan iya kira dukiyata. Abokin da ya ce in taho, aiki na nan kamar ƙasa, lambarsa ta daina shiga tun muna kan iyaka.

Ina tsaye ina ta danna waya sai ga wani mutum da farar riga tas, ya yi mini sallama da Hausa. "Aboki, daga Najeriya? Sannu da zuwa paa. Ni ma ɗan Zongo ne, kawo in taya ka." Kwana uku ban ji wanda ya yi mini magana mai daɗi ba, saboda haka da hannuna na miƙa masa injin, ba ƙwace ya yi ba. Ya shige gaba ina biye. Muka iso wani matsattsen lungu tsakanin shaguna biyu, ya karkace jikinsa ya zurara ciki, ni kuma buhuna ya maƙale. Kafin in sauke shi in juya shi a tsaye, mutumin ya ɓace. Har yau in na tuna, kaina nake zagi fiye da shi.

Daga nan sai Atonsu, can kudancin gari, inda na ji ana gine-gine. Wanda ba shi da inji ba a ɗaukarsa ƙwararre, don haka lebura aka ɗauke ni. Wata huɗu ina hawa bene da bulo a ka, matakalar ba ta da abin dafawa, ina kwaɓa siminti ba safar hannu. Siminti ya ci mini yatsu. Da fari zafi suke, daga baya suka tsattsage, daga baya kuma suka daina jin komai. In na shafa addu'a sai in ji kamar hannun wani ne a fuskata.

Kewar gida ba ta zo mini ta wajen abinci ba, kamar yadda ake faɗa. Ta ƙafa ta zo. Ina kewar yashin tsakar gidanmu da mahaifiyata ke sharewa da safe, wanda yake nutsewa kaɗan in ka taka. A Kumasi ko'ina kankare ne ko taɓo. Ina kuma kewar gaisuwa irin tamu, wadda mutum zai riƙe hannunka ya ƙi saki har sai ya tambayi kowa da kowa na gidanku. Wata huɗun nan duk wanda ya taɓa ni, ture ni yake yi.

Da ginin ya tsaya na koma Akwatia Line, cikin Zongo, unguwar Hausawa, inda na sami wurin shimfiɗa tabarma a ɗaki mu shida. Can ne jikina ya ƙarasa karatunsa. Lungunan unguwar, kwata ce a tsakiya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kana tafiya a karkace kana sunkuyar da kai saboda bakin kwanon rufi. Sau biyu kwano ya tsaga mini goshi kafin wuyana ya koyi lanƙwasa da kansa. Har a masallaci, inda akwai fili, sai in tsinci kaina na takure kafaɗu ba wanda ya matse ni. Na gaji gajiyar da barci ba ya warkar da ita.

A bakin lungunmu akwai wata mata da ake kira Anti Lami, tana sayar da shinkafa da wake, wanda su suke ce wa waakye. Za ta yi shekara hamsin, bakinta ba ya hutawa. Ran nan na miƙa kwano ta ga hannuna, ta ajiye ludayi.

"Kai, ɗan Najeriya, hannu nan ya mutu kuraa, gaba ɗaya. Da shi kake ci abinci?"

Washegari ta ƙunso mini man kaɗanya a ganye, ta ce in shafa safe da yamma. Ita ce mutum ta farko a ƙasar nan da ta kalle ni ta ga wani abu ban da mai tare hanya. Da ta ji ainihin sana'ata, sai ta ce ai kuwa aiki ya samu.

Gidansu tsohon gida ne, kakansu ya gina shi lokacin da ya zo daga Kano fataucin goro. Mahaifinta, Malam Awudu, malami ne mai kusan shekara tamanin, shekara ashirin ke nan da rasa ganinsa, amma manyan mutane har yanzu suna zuwa ɗaukar karatu wurinsa bayan la'asar. A lokacin an kai shi gidan wata 'yarsa yana jinyar zazzaɓi. Ƙanen Anti Lami, Nasiru, yana Italiya, shi ya ce a yi amfani da wannan damar a gyara gidan tsaf kafin tsohon ya dawo, ya zama abin mamaki gare shi. Shi ya yi hayar inji, shi ya aiko aka sayi tayil fari ƙal na bango da mai sheƙi na ƙasa.

Ranar da na fara zagaya gidan, abin da na gani aikin banza ne na shekara da shekaru. Filasta ta ɓantare nan da can, ƙusoshi a bango ba dalili, tsakar gida ta karkace ta gangara wajen makewayi. Sannan ga wani dogon layi baƙi mai maiƙo a jikin bango, daidai ƙirjin mutum, ya taso daga ƙofar ɗakin Malam ya bi ta kusurwa har makewayi, wani reshen kuma ya nufi zaure. Na ce wa Anti Lami, "Wannan dauɗar fa?" Ta ce, "Kankare shi duka, Masa." Masa shi ne oga a bakinsu. Layin nan na fara kankarewa, har ina tsaki.

Ba zan ɓoye ba, na yi aikin nan da zuciya ɗaya, kuma da girman kai. Wata biyar ana kirana lebura, ina so Kumasi ta san waye Sabi'u. Na cire kowace ƙusa, na cike kowane rami, na ja igiya na daidaita tsakar gida har in ka zuba ruwa sai ya rasa inda zai bi in ba ta ɗan ramin da na bar masa ba. Layin tayil ɗina ba wanda ya fi wani ko da ƙwayar gero. Da aka nuna wa Nasiru ta waya, ihu ya yi.

"Masa, ka yi aiki paa! Na tura hoto ga abokaina, boga uku suna so ka yi musu gida."

Boga shi ne wanda yake zaune Turai yana gini a gida. Gida uku na boga yana nufin sabon inji, yana nufin in daina kwana mu shida. Ranar na ci waakye har da ƙwai.

Aka dawo da Malam ranar wata Alhamis da hantsi. Dogo ne siriri, da farin rawani, ba ya riƙe sanda. Mutanen gida sun taru suna jiran su ga murnarsa, ni ma ina gefe ina gyara tsayuwa. Ya shigo zaure, ya saki hannun wanda ya kawo shi kamar yadda ya saba, ya miƙa dama ya dafa bango. Sai ya tsaya cak. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa.

"Lami, ina kuka kawo ni?"

"Baaba, gida ne. Nasiru ya gyara maka."

"Asibiti dai."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Shi bai yi ba. Ya ɗaga ƙafa ya taka a hankali kamar mai shiga kogi, sannan ya ce a kama shi a kai shi ɗaki.

Kwana biyu bayan haka ya fito shi kaɗai zai je makewayi, ya bi bango, ya bi bango, ya ɓulle wurin da matan masu haya a gidan suke girki, ya yi karo da tukunya. Da ya juya da sauri ya taka ruwan alwalar da wani ya zubar, santsin tayil ya kwashe shi. Bai karye ba, amma ya faɗi gaban mata, rawaninsa ya warware, sai da aka taru aka ɗaga shi. Ni ban nan, labari na ji, kuma abin da na ce a raina shi ne tsufa ne.

Ran kwana na biyar Anti Lami ba ta fito da abinci ba. Ta aiko aka kira ni. Na same ta a zaure idonta ya yi ja.

"Baaba ba ya ci, ba ya sha. Ruwa ma sai ya jiƙa baki kawai."

"Zazzaɓin ne ya dawo?"

"Ba zazzaɓi. In ya sha, zai so ya zaga. In zai zaga, sai ni na kama hannunshi na kai shi ƙofa na tsaya. Ya ce shi bai haife ni don wannan ba. Masu karatu kuma ya ce ko mutuwa zai yi ba za su kai shi ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Kai namiji ne, kuma baƙo. Wataƙila ba zai ji kunyarka ba."

Na shiga da sallama. Yana zaune kan buzu, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ne Sabi'u, mai tayil." Na zaci zai yi faɗa. Sai ya miƙo hannu, na ba shi nawa, ya riƙe bai saki ba. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, ya tambaye ni garinmu, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi ko an yi ruwa a can bana. Rabona da irin wannan riƙon tun Gumel. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya.

"Kana jin inda nake taɓawa?" in ji shi.

"A'a, Malam. Siminti ya kashe su."

"To, shi ya sa. Ɗana, aikinka ya yi kyau, kowa ya faɗa. Sai dai ka goge mini gida. Daga ƙofar nan, taku biyu akwai tsaga. Bayanta ƙusar da marigayiya matata take rataye faifai. Sai wurin da bulo ya fito, mai kaushi. Sai kusurwar da ta ɓantare, nan nake juyawa. Daga nan ƙasa za ta fara gangara, ƙafata ta san saura taku huɗu. Shekara ashirin ban tambayi kowa hanya a gidan ubana ba. Yanzu duk inda na dafa abu ɗaya ne, sanyi da santsi. Ban san inda bango ya ƙare ba, ban san inda ni na ƙare ba."

Sai a lokacin na gane baƙin layin nan da na kankare ina tsaki. Sawun hannunsa ne.

Na kai shi makewayi ranar, na juya baya na jira. Da muka dawo ya yi mini godiya, godiyar da ta fi zagi ciwo. Ruwan dai bai sha ba.

Da azahar, da tsakar gida ta yi shiru, na ɗaure idona da tsumman aiki na tsaya ƙofar ɗakinsa, na ce bari in gwada. Ni na shimfiɗa kowane tayil a gidan nan, na san adadin layukansa. Na dafa bango na fara tafiya. Taku biyar ban san ko na wuce kusurwa ko ban kai ba. Ƙafata ba ta gaya mini komai, hannuna ba ya gaya mini komai, sai na ji kaina yana juyawa kamar zan faɗi. Na kwance tsumman na gan ni ina fuskantar igiyar shanya, wata mata tana leƙena tana ƙunshe dariya.

Na ce wa Anti Lami sai an fasa. Ta ce gidan na Baaba ne amma aikin na Nasiru ne, ita mace ba za ta sa a rushe abin da ya yi wa ubansa ba sai da izininsa. Ta kira shi ta buɗe muryar wayar.

"A fasa me?" Nasiru ya ce. "Anti, kin san wahala da na sha a sanyi kafin na yi wannan? Baaba zai saba. Nan makafi duka kan tayil suke tafiya. Masa, ka ji ni, kowa ya taɓa tayil nan, ni da shi ne. Kuma ka manta da gida uku."

Ba mugu ba ne. Shekara tara bai ga ubansa ba, wannan farin bangon shi ne abin da ya iya aikowa.

Abin da na yi bayan wannan ba abin alfahari ba ne. Na koma ɗakinmu na kwana, na wuni, ban leƙa gidan ba. Ina ta gaya wa kaina cewa ni baƙo ne, abin da aka sa ni na yi, rigimar gidan wasu ba tawa ba ce. Ina tunanin injin, ina tunanin matakalar Atonsu da bulo a ka. Wallahi na gaji, ba na son in sake komawa lebura. Kwana ɗaya cur na bar tsoho da ƙishirwa saboda inji.

Da safiya ta biyu na wuce bakin lungu na ga teburin Anti Lami a kife har yanzu. Na koma na ɗauko guduma.

Ban nemi izinin kowa ba. Na shiga na gaida Malam, na ce ya tashi ya nuna mini daidai inda hannunsa yake kaiwa. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa, na ja layi da fensir. Sannan na sa guduma na fasa layi guda na tayil tun daga ƙofarsa har makewayi, na fasa wani har zaure. Kowane bugu a ƙirjina nake jin sa. Matan gida suka fito suna salati, Anti Lami ta tsaya ta rufe baki da hannu, amma ba ta ce in bari ba. A ƙasa ma na ɓalle hanya mai faɗin mutum ɗaya, na zuba siminti da yashi mai tsakuwa, na bar shi da kaushi, na karkatar da shi daga kusurwa ya gangara.

Da na shafe layin bangon da ɗanyen siminti na tsaya da cokali a hannu, don ban san yadda zan mayar da tsaga da ramin ƙusa daidai inda suke ba. Ni ban taɓa lura da su ba sai don in toshe su.

"Malam, ban san wurarensu ba."

"Ni na sani. Kama ni."

Na riƙe shi ta kafaɗa, ya ƙirga takunsa, ya tsaya, ya danna babban yatsa cikin simintin. Ya ƙara gaba ya ja layi da farce. Wajen kusurwa ya nutsa yatsu uku. Haka muka bi har ƙofar makewayi, yana yi yana motsa baki, ni kuma ina biye da buta ina wanke masa yatsu kada siminti ya ci su. Da muka gama na ja da baya na kalli aikin. A duk rayuwata ban taɓa barin bango mai muni irin wannan ba.

Kafin la'asar wani ɗan haya ya tura wa Nasiru hoto. Ya kira ni, ya faɗi abin da ya faɗa, na saurara har ya gama. Gida ukun nan ban sake jin labarinsu ba, mai injin haya kuma ya aiko aka karɓi kayansa.

Siminti ya ɗauki kwana biyu kafin ya kama, saboda damina ce. Kwana biyun nan ni nake kai Malam, kuma har yanzu jiƙa baki kawai yake yi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina tsoron kada in zama na yi gyaran bayan lokaci ya wuce.

Ran na uku da hantsi na zo na tsaya ƙofarsa na miƙa hannu kamar kullum. Ya fito, ya taɓa hannun nawa, ya kawar da shi gefe. Ya karɓi butar da na riƙo masa. Ya dafa bango, ya lalubo har yatsansa ya faɗa ramin farko, ya tsaya a nan jim kaɗan. Sannan ya taka. Wata mai daka a tsakar gida ta tsayar da taɓarya. A kusurwa ya ɗan yi tangaɗi, na zabura, Anti Lami ta riƙe mini riga ta baya. Ya sami yatsu ukun, ya juya, ƙafarsa ta ji gangara. Taku huɗu. Ya tura ƙofa ya shiga ya rufe.

Muna nan tsaye ba mai kallon wani har ya fito. Ya biyo bangonsa ya dawo, ya zauna kan kujerar da ke ƙofar ɗakinsa yana haki, ya gyara rawani.

"Lami."

"Na'am, Baaba."

"Ba ni ruwa. Ba a kofi ba, a babban kwanon nan."

Ta kawo shi cike fal, ruwan na zuba a ƙasa. Ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai, muna jin wucewarsa a maƙogwaronsa, bai ɗago ba sai da ya shanye. Ya miƙa mata kwanon ya ce a ƙaro.